Cinikin Rumfar Lauratu

Akwai wata mata a nan Matameye, Lauratu mai tuwo, wadda ta rasa rumfarta da ɗakin ajiyarta cikin shekara guda, ta kuma rasa wasu masu cin tuwonta da har yau ba su dawo ba. Abin da ta samu a madadin haka shi ne daɓen ƙasa mai ƙwari, da maƙwabtan da ba ita ta zaɓe su ba. Ko riba ta ci ko faɗuwa ta yi, ku karanta ku auna da kanku. Ni abin da na gani zan faɗa, don babu nisa tsakanin inda nake kasa kayana da inda take hura wutarta.

Lauratu ba macen da ake rainawa ba ce. Da mijinta Buraima ya rasu ta fita takaba, danginsa suka zo suna zaton za su tarar da mai kuka. Sai suka tarar da mai ciniki.

Rumfar bakin tasha ita ta riƙe. Ba wata babbar aba ba ce. Dirkokin itace ne da rufin kwano, zana ta gefe, ƙasa ko siminti babu. A bayanta akwai ɗan ɗaki na ginin ƙasa inda take kulle tukwane da hatsi. Amma da rumfar nan ta aurar da 'ya'yanta mata, ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba, kuma ba ta bari a manta da hakan.

Direbobi da 'yan kamasho su ne mutanenta. Su yi mata tsiya, ta rama, su ci tuwo da miyar kuka su lashe hannu. In ta shiga layin masu hatsi kuwa, sai ka ga masu awo suna gyara zama. Mai itace in ya faɗi kuɗi ba ta ce masa komai. Dubansa kawai take yi har ya rage da bakinsa.

A tsakiyar bazara aka kawo su cikin manyan motoci, aka sauke a tasha. Matan ƙauyukanmu ne da suka tafi Aljeriya neman abin sawa a baki, aka kamo su can aka maido. Wata da goyo, wata da tsohuwa, kowa da ƙullin tsumma.

Masu gidan komawa suka nemi mota suka tafi gida. Saura suka zauna.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce, me ya hana su komawa ƙauye? Wane ƙauyen? Gonar an sayar an biya kuɗin hanya. Gidan yana hannun mai jingina. Wata kuma kunya ce kawai, ta tafi ana cewa za ta dawo da arziki, ta dawo da takalmi ƙafa ɗaya.

Mutanen hukuma sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun zo da bokitai da tabarmi da sabulu, aka jera matan aka ɗauki hoto, aka ce su ɗan jira ana shirya musu wuri. Motar ta tafi. Tun daga ranar bokitan suke jira tare da masu su.

Da rana su watsu cikin gari. Magariba na yi sai su dawo layinmu, don a nan ne kaɗai akwai rufi ba ƙofa. Kowace rumfa ta samu baƙinta.

Ba zan ɓoye muku ba, kasuwa ta ji jiki. Mai shayi ya zo da asuba ya tarar da mutane a ƙarƙashin teburinsa. Babu makewayi kusa, kun san abin da hakan ke jawowa. Mutum ya zauna cin tuwo, ya kasa kai loma baki saboda idanun da ke bin hannunsa. Da farko direbobi suka koma cewa a zuba musu a leda. Daga baya suka gano wata mai abinci can bayan masallaci.

Masu kwana a rumfar Lauratu su ne wata Najaha, mutuniyar wani ƙauye a bayan Dawce, da uwar mijinta, tsohuwa da kowa ke kira Uwa, da wasu mata da ke bin su. Najaha doguwa ce, ba ta da yawan magana. Kullum kafin ta naɗe tabarma sai ta share rumfar tas. Lauratu ta ga sharar, amma ba ta taɓa nuna ta gani ba.

Wata safiya ta tarar Uwa ba ta tashi da wuri ba.

Ta ce, "Ke baiwar Allah, nan masauki ne? Ko an ce miki Buraima ya bar muku gado?"

Najaha ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Ƙafarta ce ta riƙe, yanzu za mu tashi."

"Ban je Makka ba tukuna, kada ki saye ni da suna. Ku da kuka ga ƙasar Larabawa ku ne hajiyoyi."

Uwa ta yi dariya daga kwance ta ce, "Mun ga Larabawa kam, 'yar nan. Har mota suka ba mu kyauta."

Lauratu ba ta yi dariya ba. Ranar rabin tukunya ta kwana.

Sai 'yan layi suka haɗa kai aka je biro, wato ofishin hukuma. Alhaji Falalu ne a gaba, mai babban shagon da ke jikin rumfar Lauratu, mai ƙofar ƙarfe da baranda ta siminti. Aka shigar da su wurin wani Mushe Ɗahiru, mutum mai fara'a da iya gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi.

Da aka faɗa masa abin da ya kawo su sai ya girgiza kai ya ce, "Wallahi abin yana damunmu fiye da ku. Amma maganar tana Damagaram."

Falalu ya ce, "To su Damagaram me suka ce?"

"Suna jiran Yamai."

Lauratu ta gyara lulluɓi ta ce, "Mushe, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, ka fahimtar da ni. Tikitin kasuwa da ake yanka mana kowace safiya, shi ma sai ya jira Yamai?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, kina da ban dariya. Ku dawo bayan sallah."

Bayan sallah suka koma, aka ce ya tafi taro. Suka sake komawa, aka ce wanda zai sa hannu an canza masa wurin aiki. Daga nan kowa ya gaji da ɓata takalmi.

Alhaji Falalu ne ya kawo shawarar ruwa. Ya ce ba faɗa, ba duka, ba wanda zai kai ƙararka. In za ka rufe da yamma, ka sa mai ga-ruwa ya juye maka jarka a ƙofar shago. Wa zai shimfiɗa tabarma cikin ruwa?

Masu shaguna suka fara. Mata suka tashi daga barandar siminti suka ƙaru a rumfunan da suka rage. Ta Lauratu ta cika har waje.

Ita ma ta ce za ta yi. Amma da mai ga-ruwa ya faɗi kuɗin jarka sai ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "In sayi ruwa da kuɗina in zubar a ƙasa? Hauka ake yi?"

Ai tana da ruwa kyauta. Ruwan wanke-wanken yini guda, mai maiƙo da guntun tuwo da sauran miya, wanda da can take ɗauka ta kai kwata. Ta ce ga aiki ya ragu, ga baƙi sun tashi. Har ta yi wa Falalu dariya don shi biya yake yi.

Yammar farko tana cikin watsawa sai ga Najaha da tabarma a kai, tana riƙe da hannun Uwa. Suka tsaya suna kallo. Lauratu ba ta fasa ba. Ta bi gindin kowace dirka ta zuba, ta bi jikin bangon ɗaki inda tsohuwar ke jingina ta juye sauran.

Najaha ta ce, "Yaya Lauratu, da kin ce mu tashi ai da mun tashi."

"Na faɗa da baki ba ku ji ba."

"Ki bar mata ko nan jikin bango. Ita kaɗai. Mu ma nemi wani wuri."

"In na bar wa ɗaya, gobe goma zan tarar. Ku je biro, su suka ce ku jira. Ni ba gwamnati ba ce."

Ranar ba su samu wani wuri ba. A nan suka kwana, a kan ledoji da kwalaye, cikin danshi. Washegari ma haka. Da suka ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai suka kwashe tsummokaransu suka koma bayan tasha, inda wata matacciyar babbar mota take zaune a kan duwatsu shekara da shekaru.

Lauratu ta ce alhamdulillahi. Amma ba ta daina zuba ruwan ba, don kada su ga ƙasa ta bushe su dawo. Haka ta yi ta yi har bazara ta ƙare.

Abin da ba ta auna ba shi ne, barandar Falalu siminti ce, ruwansa kuma mai tsabta. Kafin gari ya waye ta bushe. Rumfarta kuwa ƙasa ce, tana shan ruwan maiƙo kullum. Ƙasar ta yi baƙi ta fara tsami. Ƙudaje suka samu gida.

Wani direba, Yunus, wanda tun zamanin Buraima yake cin tuwonta, ya zauna wata rana ya toshe hanci.

Ya ce, "Inna Lauratu, 'yan Aljeriya sun tashi, amma warin ya ƙi bin su. Ko dai ɗan gida ne?"

Ta ce, "In hancinka ya fi cikinka iko, tashi."

Ya tashi kuwa. Da wasa ya tashi, amma washegari a bayan masallaci aka gan shi.

Ta fara ganin zanen jar ƙasa yana hawa jikin dirkoki. Gara ce, ta ji danshi tun kafin damina ta zo. Lauratu takan kankare da bayan ludayi ta ci gaba da tuƙi. Gindin bangon ɗaki ma ya fara zubar da gari. Ta ce in kaka ta yi za ta sa a yaɓe.

Ba a kai kaka ba. An yi shuka, gero ya fara tasowa, sai wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas da iska irin wadda ke sa a kira sunan Allah da ƙarfi. Kowa ya ruga. Lauratu ta fake a barandar Falalu, tana kallo dirkar farko ta karye kamar kara. Sauran suka bi. Kwano ya tashi sama ya faɗa cikin tasha. Da ruwan ya sauko sosai sai bangon ɗakin ya durƙusa ta gindi, ya kwanta a kan tukwane da buhunan hatsi.

Rumfunan da suka fi tata tsufa suna nan tsaye.

Da ruwa ya ɗauke ta ɗauki guntun dirka ta matsa da hannu. Ya ruguje. Ciki babu komai sai ƙasa da gara. Ba ta yi kuka ba, a gabanmu dai. Ta tsaya ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

To, ga yadda wurin bakin tasha yake. Ba na takarda ba ne, na hayaƙi ne. Muddin murhunka na ci, wurin naka ne. In ya mutu ya daɗe, masu jira suna da yawa. Sarkin tasha ya zo ya yi mata jaje, ya ce saboda Buraima zai kare mata wurin har kasuwa ta sama. In ranar ta zo babu hayaƙi, ba shi da bakin hana wani.

Bai gama fita ba sai ga Alhaji Falalu.

Ya ce, "Lauratu, ki huta haka nan. Shekaru sun ja. Ki bar mini wurin in ƙara shago, in ba ki abin da za ki ja jari a gida."

Ta ce, "Alhaji, shawararka ta farko ban gama biyanta ba. Riƙe ta biyun."

Ta shiga neman masu aiki. Maginin unguwarsu yana gonarsa a Dungu. Wanda aka kwatanta mata a hanyar Kance ya ce ko uwarsa ce sai an gama noman farko. Lokacin noma ne, duk mai hannu biyu yana bayan hauya. Gari ya zama na tsofaffi da awaki. Surukanta ma suna gona, kuma ba ta iya buɗe baki ta roƙe su.

Har biro ta koma. Mushe Ɗahiru ya yi mata jaje mai kyau, ya ce za a sa ta cikin waɗanda hadari ya shafa.

Ta ce, "Sai yaushe?"

Ya ce, "Ki ɗan jira, Inna. Ana shiryawa."

Ta san inda ta taɓa jin maganar nan. Ta fito ba ta yi masa sallama ba.

A hanyar dawowa ta bi ta bayan tasha don kada ta haɗu da idon sani. Nan ta gan su, zaune a inuwar matacciyar motar, mata masu ƙarfi, hannuwa a kan gwiwa. A duk Matameye su kaɗai ne ba su tafi gona ba, don ba su da gonar zuwa.

Ta wuce su. Ta kai bakin titi ta tsaya. Sannan ta juyo.

"Salamu alaikum."

Najaha ta ɗaga kai. "Wa alaikumus salam. A'a, Yaya Lauratu ce? Ku ba ta kwali ta zauna. Ki yi haƙuri, ƙasar a jiƙe take. Amma wannan karon ba ke ba ce, Allah ne."

Matan suka ƙyalƙyale. Lauratu ta haɗiye, ta zauna.

Ta ce, "Aiki na kawo muku. A kwashe ƙasa, a kafa dirkoki, a tada bango, a yi daɓe. Na san matan ƙauye kun iya. Tuwo safe da yamma har a gama."

Najaha ta ce, "Albarka."

Lauratu ta dube ta. Kalmar da ita take jefa wa masu tayin banza ce, yau aka jefo mata. Ta ɗora kuɗi a kan tuwon.

"Albarka."

Ta ƙara.

"Albarka, Yaya."

"Ke, kin san abin da maza ke karɓa kuwa?"

"Na sani. Je ki ɗauko mazan."

Lauratu ta gwada dubanta irin wanda take yi wa mai itace. Najaha ta bar ta ta gama duban. Matar da ta yi ciniki da direbobin sahara a kan ranta, ido ba ya rage mata farashi.

"To me kike so?"

"Kuɗin in na karɓa, wa zai ba ni hayar ɗaki da shi? Mun gwada. Da an ji daga inda muka fito sai a ce ɗakin an riga an kama. Rumfar muke so, daga isha'i zuwa asuba. Da makullin ɗaki."

"Makulli? Ɗakin hatsina? 'Ya'yan da na haifa ma ban taɓa ba su makullin nan ba."

Najaha ta ce, "Tun da kika zauna ba ki tambayi Uwa ba."

Lauratu ta waiga. Babu tsohuwar.

"Tari ta ɗauka, ya ƙi sakinta. Ban ce ke ce ba, kwananta ne ya ƙare. Amma nan bayan motar muka yi mata wanka. Muka riƙe zannuwanmu muka kewaye ta, 'yan kabu-kabu na wucewa suna leƙe. Tsohuwar da ko gashinta maƙwabci bai taɓa gani ba." Ta nuna wata yarinyar mace mai tsohon ciki da ke jingine da tayar motar. "Ga Anisa nan, watanta ya kama. Ba hatsinki muke so ba, Yaya. Ƙofa muke so wadda za a rufe, in wata za ta haihu ko wata ta cika."

Duk wadda ta taɓa zama a bayan ƙofa ana yi wa nata wanka ta san abin da Lauratu ta ji a lokacin. Amma girman kai ba ya sauka rana ɗaya.

Ta ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Rumfa sai mu duba. Makulli kam, a'a."

Ta miƙe ta kaɗe zane ta kama hanya.

Dabararta ce ta kullum. In ciniki ya ƙi sai ta tafi a hankali, kunne a baya, kafin ta yi nisa mai kaya ya ce, zo mana, kawo. Ba ta taɓa tafiya ba a kira ta ba.

Ta rage sauri. Ta tsaya kamar tana gyara takalmi. Ba wanda ya kira. Da ta saci kallo sai ta ga Najaha ta juya tana tsefe wa wata kai.

Ta isa layi. A kan ɓaraguzan rumfarta ta tarar da Alhaji Falalu, ya tattare babbar riga, yana auna faɗin wurin da ƙafa.

Ranar Lauratu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara kasuwa. Ta koma wurin mai kaya da ƙafarta.

Ta zauna a kan kwalin ta ce, "Ba roƙo a gaban mai cin abinci. Ko kallo."

Najaha ta ce, "Mun yarda."

"Kafin direban farko ya zo, ba tabarma ko ɗaya, wuri a share."

"Da ma haka muke yi. Ke ce ba ki faɗa ba."

"Iyakar waɗanda rufi ya ɗauka. Ba na son a cika mini titi."

"Wannan da zafi, amma to."

"Ɗakin kuma a raba shi biyu. Hatsi gefe guda da ƙofarsa."

"Wa zai sayi ƙofa ta biyu?"

Lauratu ta dubi Anisa. Ta ce, "Ke dai Allah ya haɗa ki da wanda ya fi ki."

Najaha ta ce, "Ya riga ya haɗa ni, Yaya. Shi ya sa nake nan."

Washegari da sassafe suka fara. Suka tono tukwane, suka shanya abin da ya tsira na hatsi. Suka kwashe baƙar ƙasar nan mai tsami har sai da suka kai ga mai kyau. Mai itace ya kawo sababbin dirkoki, ya faɗi kuɗi, Lauratu ta dube shi, shi ma ya dube ta. Ya san ranar kasuwa ta matso. Ta biya yadda ya ce.

Bangon a guje aka tada shi tsakanin ruwa da ruwa, ana rufe shi da leda in hadari ya taso. Sai daɓe. Suka zuba tsakuwa da jar ƙasa, suka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, suka yayyafa, suka durƙusa a jere da madaɓai suna bugawa tare, suna waƙar ƙauyensu. Rabon da a ji wannan sautin a cikin gari an daɗe. Har 'yan kamasho suka taru kallo. Yunus direba ya kawo baƙin mai na mota aka shafa a gindin dirkoki saboda gara, ya ce ba don Lauratu ya yi ba, don tuwon bayan masallaci ne ba ya riƙe ciki.

Kada ku ce komai ya gyaru. Rumfar ba ta ɗauki ko rabinsu ba, sauran suna nan bayan motar, ruwa na dukansu. Biro har yau ana shiryawa. Wasu masu cin tuwo sun ce ba za su ci abinci inda 'yan Aljeriya ke kwana ba, kuma sun cika maganarsu. Wasu 'yan layi sun daina gaishe ta, sun ce ta karya musu shiri.

Amma ranar kasuwa, tun kafin rana ta fito, hayaƙi ya tashi a wurin Lauratu.

Alhaji Falalu ya buɗe shago ya tsaya yana kallo. Ya taka daɓen da ƙafa, ya ji kamar dutse. Ya leƙa ya ga ƙofa biyu. Daga bayan ɗaya ana jin kukan jariri.

Ya ce, "Ikon Allah. Lauratu, ke da ba a cin ribarki, nawa suka karɓa?"

Ba ta ɗago daga tukunya ba. Ta ci gaba da tuƙi ta ce, "Rana tawa, dare nasu. Ɗaki rabi nawa, rabi nasu, ƙofar kuma ni na saya. Makulli ɗaya a bakin zanena, ɗaya a na Najaha. Na nemi ragi, ba a yi mini ba. Tun da nake ban taɓa sayen abu da tsada haka ba, Alhaji, kuma na biya."

Darasi: Mutumin da ba shi da wurin kwana ba datti ba ne da za ka watsa wa ruwa ya wuce. In masu mulki sun yi shiru, tura shi daga ƙofarka zuwa bayan gari ba ya gyara komai, gindin naka ginin yake ci. Ka zauna da shi ku daidaita tun kana da abin bayarwa cikin mutunci, kafin ranar da shi zai yanka maka farashi. Ku tura wa 'yan kasuwa da masu shaguna, ku tura wa duk wanda kuka sani yana zaune a biro yana cewa a ɗan jira, ko Allah zai sa wani ya ji kunya.